Kukan Bawul

Tun asuba nake ramin jar ƙasa a bayan Kenyasi,
tifa bakwai a layi, direbobi na danna ham.
Na cusa bokiti a gindin tudu,
na ja sanda, hannun loda ya tashi,
ya kai ƙurewa, ya tsaya cak,
sai kukan nan siriri,
kamar sauro ya samu lasifika.

Sau nawa a yini? Oho.
Wa ke ƙirga tarinsa?

Maame Serwaa, mai taraktar,
ta jiyo shi daga ƙarƙashin laimarta.
Ta ce, "Ishaƙu, kuɗina ne ke ihu haka?
Gonar koko na sayar na sayi ƙarfen nan."
Ban ce uffan ba.
Ni kaina ban sani ba ko kashe shi nake a hankali.

Ran Asabar na hau turoturo zuwa Magazin,
Suame, inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta launinta.
Masta Munkaila na ƙarƙashin rumfar kwano
yana cin wake da shinkafa a ganye,
tabaransa ɗaure da waya.
Na zazzage masa tambayata.

Ya suɗe yatsa, ya lalubi gwangwani,
ya kwance wani tsohon bawul a tafina:
sifirin, ɗan ƙarfe mai tsini kamar bakin fensir,
da gurbin da yake zama.
"Iyakar abin ke nan.
Famfo ba ya jin bari, turawa kawai ya sani.
In silinda ta ƙure, mai ya rasa hanya,
ɗan ƙarfen nan ya ja da baya,
mai ya koma tanki.
Ba don shi ba, da tiyo ya fashe a fuskarka.
Don kukan aka ƙera shi.
Buɗe ƙofa ba ya kashe maigadi."

Na yi ajiyar zuciya, na miƙe.
Ya ce, "Zauna.
In ya fara kukan, har yaushe kake riƙe sandar?"

Sai na tuna kututturen odum na ran Talata.
Na riƙe, na riƙe, ina cizon leɓe,
tayoyin gaba sun lotse,
Kwadwo mai tifa na min dariya,
ni kuwa na rantse sai ya fito.
Bai fito ba.

"To, nan ne ɓarnar," in ji shi.
"Ƙarfin da bai ɗaga komai ba
zafi yake zama.
Mai ya tsinke kamar kokon da aka cika wa ruwa,
robobi su bushe, su fara zubar da hawaye,
famfo ya shiga cin kansa,
tsinin nan ya zaizaye gurbinsa.
Wata rana ka ja sanda,
rabin bokiti ya gagare ka.
Kuma kar wani ɗan fita ya ɗaure maka sifirin
wai don ƙarin ƙarfi.
Na ga wanda aka yi wa haka. Yana Tafo yanzu, yana sayar da kati."

Na miƙa sidi ashirin, ya ture.
Ruwan leda biyu ya ce in sayo.

Litinin na koma rami.
Kukan ya zo, na saki sanda kafin in gama bisimilla.
Da azahar na ɗora tafi a jikin tanki,
ɗumi ne, irin na goshin yaro mai barci.
Kututturen na nan.
Na haƙe gefensa kaɗan, na bar shi sai gobe.

Maame Serwaa ta ɗago laima:
"Me Masta ya ce?"
Na ce, "Laifina rabi ne.
Sauran, wai ki canza mai da filta."
Ta ja tsaki, ta tambayi nawa ne jarka.